Hannun Daman Jabez Kimmel

Mutanen da suka zo garinmu daga baya sun ɗauka girman kai ne ke damun tsoho Jabez Kimmel. Ka wuce shi a mashigar layin dogo, inda yake zaune da 'yar jar tutarsa, ka ɗaga masa hannu, iyakarsa ya gyaɗa maka kai. Tutar ma da hagu yake kaɗa ta. A coci in fasto ya ce duk mai goyon baya ya ɗaga hannu, nasa yana cikin aljihun kwat. Sun yi ta zaginsa a bayan ido, mu kuwa da muka san ranar da hannun nan ya ɗagu na ƙarshe ba mu taɓa tanka musu ba.

Ubansa, Conrad Kimmel, ɗan amalanke ne, kuma ba ƙarami ba. Dawaki shida yake ɗaurawa, kowanne da ƙararrawarsa, ya ɗauko gishiri da yadi daga Philadelphia ya tsallake duwatsun Allegheny har Pittsburgh, ya dawo da garin alkama da wuski. Duk masaukin da ke kan hanyar an san muryarsa, an kuma san bulalarsa. Sai aka fasa dutse aka shimfiɗa layin dogo. Kayan da Conrad ke shafe makonni yana ja, jirgi ya riƙa kai su kafin burodin da ke aljihun direba ya bushe. Ba a daɗe ba ciyawa ta fito a tsakiyar hanya, masu masauki suka rufe ƙofa, 'yan amalanke suka fara sai da dawakinsu ga masu yin sabulu.

Conrad bai sayar ba. Wata safiya ya sha ya yi tatul, ya ɗaura dawakin nan shida, ya goge musu ƙararrawa har suna ƙyalli, ya ja amalanken ya gitta shi a kan layi, daidai kwanar da ke ƙasan injin niƙa. Jabez, lokacin yana da shekara ashirin, ya riƙe linzamin na gaba yana roƙo. Uban ya zabga masa bulala a fuska, ta tsaga shi daga kunne zuwa haɓa, tabon da ya shiga kabari da shi.

"Sakar min doki, ɗan banza! Yau zan ga wanda zai kauce, ni ko tukunyar shayin nan!"

Tukunyar shayi, wato jirgin, ba ta kauce ba. Dawaki huɗu ko shurawa ba su yi ba. Biyu suka rage da karyayyen baya suna wani irin kuka da ba na dabba ba, Conrad kuma yana kwance cikin rami, ƙafafunsa na can wani wuri dabam. Jabez ya ruga wurin uban, tsohon ya tofa masa jini a riga ya ce ya fara da dawakin. Jabez ya ɗauko gudumar da ke ƙarƙashin amalanke ya bi su ɗaya bayan ɗaya a goshi. Kafin ya dawo, uban ya cika.

Akwai uwa a gida, akwai ƙanne mata, kuma baƙin ciki ba ya cika tukunyar kowa. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba Jabez ya je filin tasha neman aiki wurin mutanen da suka kashe ubansa.

Haɗa taragu aka ba shi. Wanda ya ƙirƙiro yadda ake haɗa su a wancan zamanin, Allah ne kaɗai zai bi mana haƙƙinmu a kansa. Kowane tarago yana da bakin ƙarfe gaba da baya. Akwai wani dogon zobe mai nauyi, rabinsa cikin bakin taragon da ke tsaye, rabi yana lilo a waje. In injin jirgi ya turo ɗaya taragon, sai mutum ya miƙa hannu tsakaninsu ya ɗaga zoben, ya saita shi da bakin da ke tahowa, ya fizge hannunsa kafin ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, sannan ya zura ƙusa. Ya makara da ƙiftawar ido, yatsa ya tafi. A gefen bakin kuma akwai kututturan katako da ke karɓar karon, wanda ya bar jikinsa tsakaninsu ba yatsa zai rasa ba. Shi ya sa karatun filin nan gaba ɗaya bai wuce wannan ba: hannu ciki, jiki waje.

Helma, shugaban ma'aikatan fili, in zai ɗauki sababbin ma'aikata ba ya tambayar inda suka yi aiki. Cewa yake kowa ya ɗaga hannu. Mai yatsu goma ya koma gefe ya jira, mai bakwai a ɗauke shi nan take, don shi ya riga ya biya kuɗin makaranta. Ranar da Jabez ya biya nasa, ƙaramin yatsansa na dama ya rage yana reto a fata. Aka yanke da wuƙar yankan taba, aka kwara wuski, aka tsoma dungun cikin kwalta mai zafi. Sannan aka ba shi yatsan ya jefa cikin wutar inji da kansa, direba ya busa usur, aka tafi mashaya, shi ya saya wa kowa. Haka ake yi wa duk wanda ya zama ɗan gida, kuma a daren nan babu wanda ya kai Jabez alfahari a duk faɗin Pennsylvania.

Kafin ya yi arba'in ya zama helman rukuninsa. Hannun dama ya rage babban yatsa da manuni da rabin na tsakiya, hagu kuma huɗu. Matarsa Keziah zazzaɓi ya ɗauke ta da wuri, ta bar masa 'ya ɗaya, Orpha. Tun tana tsayawa a kan kujera kafin ta kai wuyansa ita ke ɓalla masa maɓallan riga, ita ke ɗaura masa igiyar takalmi, ita ke dafa tsumman da ake naɗe masa rauni. Mutumin da ke iya kwantar da ƙato da naushi ɗaya, in yarinyar nan ta harare shi sai ya ajiye kwalba. Ita kaɗai yake tsoro, ita kaɗai yake da.

Wata shekara kamfani ya aiko wani mai farar kwala da damin sanduna. Ya ce daga yau da sanda za a riƙa ɗaga zobe, ba da hannu ba, wanda kuma ya ji rauni ba sanda a hannunsa, to, ba ruwan kamfani. Magana mai daɗin ji. Amma zobe yana zamewa daga kan sanda, in ya zame sai inji ya koma baya ya sake turowa, jirgi ya makara, kuma kamfanin nan ɗaya shi ke korar wanda ya makarar da jirgi. Wato ba don yatsun kowa aka kawo sandar ba, don lauya ya sami abin faɗa ne. Mai farar kwala na juya baya aka cusa damin cikin murhu, aka kuma kafa doka da ta fi ta kamfani ƙarfi: mai riƙe sanda ba namiji ba ne, kuma ɗan leƙen asirin kamfani ne.

Jabez shi ne ɗan sandan wannan doka. Wani baƙo ɗan Sweden da bai ji bari ba, Jabez ya karya masa sandar a gadon baya, ya bi shi da ƙusar haɗa tarago ya rushe masa muƙamuƙi. Har mutumin ya bar garin, romo yake zuƙa da karan alkama. Fili ya ɗauki sowa, sunan Kimmel ya kai tashoshin da bai taɓa takawa ba.

Ana haka Ennis Pollock ya sauka garin da wani dogon akwatin katako. Masaƙin darduma ne daga unguwar Kensington a Philadelphia, shi da ubansa da kakansa. An kawo masaƙa mai tururi, yarinya ɗaya ta tsaya a gabanta tana fitar da abin da gidansu gaba ɗaya ba ya iya fitarwa. Suka yi yajin aiki, 'yan sanda suka farfasa musu kai, shi ke nan ya kwance masaƙarsa ta hannu ya zuba a akwati ya nufo yamma. Siriri ne, ya haura talatin, ba ya ɗaga murya, ga wasu yatsu dogaye kamar na mai kiɗan coci. Ya kama ɗaki haya a gidan Kimmel, kafin tuffa ta sake nuna ya auri 'yar mai gida.

Shirinsa ƙarami ne. Matan manoman kan tudu har yanzu suna son dardumar tsumma saƙar hannu. Abin da yake bukata ya yi aikin tasha hunturu ɗaya, ya sayi zare, ya kama rumfa, in ƙanƙara ta narke ya kafa masaƙa. Jabez ya shigar da shi rukuninsa duk da yatsunsa goma.

Jajiberin ranar da Ennis zai fara aiki suna cin kabeji da naman alade, Orpha ta ajiye cokali.

"Baba, kalle ni."

"Ina jin ki."

"Ban ce ka ji ni ba, cewa na yi ka kalle ni. Da goma zai fita, da goma zai dawo min. Masaƙi ba yatsu, me ya rage? Na gama dafa tsumman jini a rayuwata, naka ya ishe ni."

"Ke, yatsa ɗaya dai ai..."

"Ko farce. Ka rantse."

Ya ɗora dungunsa a kan Littafi Mai Tsarki da ke bakin taga ya rantse. Bayan an kwashe kwanuka ya zauna gaban murhu da wuƙa, ya feƙe wata 'yar gajeriyar sanda da icen ƙotar gatari, ya yi mata ƙugiya a kai yadda zobe ba zai zame ba, daidai tsawon da za ta ɓuya cikin hannun kwat. Ya miƙa wa surukin ba tare da ya dube shi ba.

"In an kama ka da ita, ban san ka ba."

"Na ji, Mista Kimmel."

Jabez ya riƙa tura shi can ƙarshen fili bayan rumbun kwal, inda ido ba ya kaiwa. Da sanda mutum yana tsaye nesa da kututturai, don haka bai ga dalilin koya masa tsayuwar mai aiki da hannu ba. Hunturu ya yi nisa, yatsu goma suna nan, har Orpha ta fara waƙa in tana wanki.

Dinny Mulvey ne ya tona. Mulvey mai ido ɗaya, wanda ya daɗe yana ganin shi ya fi cancanta da helma. Wata safiya mai tsananin sanyi, layi duk ya yi santsin ƙanƙara, ya zagaya bayan rumbun kwal zai yi fitsari, sai ga shi ya dawo yana jan Ennis ta kwalar riga, ɗaya hannun ya ɗaga sandar sama kamar ya kamo kifi.

"Jama'a, ku zo ku ga amarya! Kimmel, ashe 'ya'ya mata biyu gare ka ba mu sani ba? Madam, a kawo miki kujera ne, ko safar hannu ta leshi?"

Maza suka taru suna dariya. Mulvey ya juya sandar a hannu, ya daina dariya.

"Tsaya. Wannan ba ta kamfani ba ce. Dubi ƙugiyar nan. Wanda ya feƙe ta ya san zobe kamar yadda ya san matarsa. Kai masaƙi, uban wa ya yi maka?"

Ennis ya dubi ƙasa. Bai dubi inda surukinsa yake ba ko sau ɗaya.

"Ni na yi abata."

"Ƙarya kake, ɗan masu saƙa. Kimmel, ya ya? Ɗan Sweden ɗin nan har yanzu ba ya iya tauna burodi, ko shi don ba ya kwana a gidanka ne?"

Jabez ya ji idanun mutanensa a kansa. Abin da ya tara duk tsawon rayuwarsa bai wuce wannan kallon da suke masa ba, da shi ya musanya yatsunsa, kuma ga shi yana shirin zubewa cikin ƙanƙara saboda guntun ice. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji tsakanin taragu ba. Ya karɓe sandar daga hannun Mulvey ya shimfiɗa wa Ennis ita a kafaɗa. Ta biyu a wuya. Ta uku ta same shi a fuska, gira ta fashe, sandar ta rabu biyu. Ennis ya durƙusa, jini na ɗiga kan farar ƙanƙara, ya cusa hannayensa biyu cikin hammata don kada duka ya same su.

"Tashi," in ji Jabez. "Ga taragon kwal can ana turowa. Je ka haɗa shi kamar ɗa namiji."

A ransa Jabez cewa yake sau ɗaya ne, a rufe bakin Mulvey, gobe ya san yadda zai yi. Ko yatsa ɗaya ya tafi, zai jure harar Orpha.

Ennis ya share jinin da ke rufe masa ido ya nufi layi. Masaƙi ne, duk rayuwarsa an koya masa ya matso da ido kusa da aiki, ya lallaɓa shi da hannu biyu, ya tsare yatsunsa. Abin da ya yi ke nan. Maimakon ya tsaya gefe ya miƙa hannu ɗaya, sai ya taka ya shiga tsakiya don ya ga bakin da kyau, ya tallabi zoben ta ƙasa inda ƙarfe ba zai cije shi ba.

"Jiki waje!" Jabez ya kurma ihu yana gudu. "Ennis, jiki waje!"

Zoben ya shiga daidai, ko tsohon hannu iyakarsa ke nan. Ennis ya ɗauke hannayensa sama lafiya lau. Kututturan suka haɗu a ƙugunsa, aka ji ƙara kamar an taka kwandon kara.

Bai mutu ba. Ba sa mutuwa nan take, kowa a filin ya san wannan. Muddin taragun na matse da mutum, jininsa na tsaye, yana gani, yana magana, wani ma har ya nemi taba. Ana raba su ne rai ke fita. Don haka akwai yadda ake yi. Aka rufa masa tamfol daga ƙirji zuwa ƙasa, aka ba shi wuski, aka tura mutum ya kira matarsa. In ta gama sallama, helma ya tsaya inda direba zai gan shi, ya ɗaga hannun dama, inji ya ja gaba. Jabez ya sha yi wa mazan wasu.

Jabez ya matso ya tsaya kusa da surukinsa. Ennis ne ya yi magana, a hankali.

"Ban faɗa musu ba, Baba."

Bai taɓa kiransa haka ba.

Orpha ta zo da gudu, ba mayafi, hannunta duk garin ƙullu. Maza suka cire hula suka juya baya. Ta hau kan bakin ƙarfen ta riƙe fuskar mijinta, suka yi magana ƙasa-ƙasa, babu wanda ya ji. Ta taɓa girar da ta fashe, ta taɓa shatar da ke wuyansa. Tarago ba ya yi wa mutum shata a wuya, ita kuwa 'yar filin nan ce. Ta waiga, idonta ya sauka kan guntayen sandar da ke yashe cikin jini, ta gane ƙugiyar da aka feƙe a gaban murhunta.

Mulvey ya matso yana murza hularsa, fuskarsa ta yi fari fat.

"Kimmel, je ka zauna. Ni zan ba direba hannu."

"A'a," in ji Orpha. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. "Babana ne helma."

"Orpha, 'yata, don girman Allah..."

Ta kama hannayen Ennis biyu ta ɗaga su yadda uban zai gani, dogayen yatsun nan, ko ƙwarzane babu.

"Goma ne, Baba. Ka cika alkawari. Je ka ƙarasa."

Ya taka zuwa gefen layi kamar wanda ake ja da igiya. Direba ya leƙo ta taga yana jira. Jabez ya dubi 'yarsa ko za ta kau da kai, ba ta kau ba, tana riƙe da hannun mijinta tana kallonsa. Ya ɗaga hannun dama, mai yatsu biyu da rabi. Usur ya yi ƙara, taragun suka rabu.

Bayan jana'iza Orpha ta sa aka ɗora mata dogon akwatin nan a jirgin gabas. Mun ji ta shiga wata masaƙa mai tururi a Philadelphia, tana tsaron irin injin da ya kori mijinta. Ba ta sake tako garinmu ba. Maza suka ci gaba da haɗa taragu da hannu suna jefa yatsu a wuta har shekaru masu yawa, kafin gwamnati ta tilasta a kawo bakin ƙarfen da ke kama kansa da kansa.

Jabez ya ajiye helma, aka ba shi gadin mashiga. Bai taɓa fashin jirgin da ke zuwa daga gabas ba, yana tsaye yana bin tagogin da ido ɗaya bayan ɗaya har taragon ƙarshe ya wuce. Rigarsa kullum a buɗe take har cikin hunturu, don ba mai ɓalla masa maɓalli, kuma bai yarda kowa ya taɓa ba.